Tumakin da ke Bayan Craig Las

Litinin, 18 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Malama Morfudd ce ta ce in riƙa rubutu kullum, tunda an rufe ajinmu na koyon Welshanci, yaren mutanen kwarin nan, kamar yadda aka rufe kasuwar dabbobi da coci da duk inda mutum uku za su taru. Ta ce in ɗauki aikatau ɗaya a mako, in jera shi a lokaci mai ci, in karanta da ƙarfi kafin in sha shayi. Na wannan makon shi ne aros, wato mutum ya zauna inda yake, kada ya tafi.

Dw i'n aros. Ina nan zaune.
Rwyt ti'n aros. Kana nan zaune.
Mae o'n aros, mae hi'n aros. Yana nan, tana nan.
Dan ni'n aros. Muna nan.
Dach chi'n aros. Kuna nan.

Na ƙarshen, na "su", sai da na leƙa littafi: maen nhw'n aros. Kullum a nan nake tuntuɓe. Na haura arba'in, na yi sama da shekara goma da auren Eirlys, na shekara biyu a ajin, har yau ban wuce lokaci mai ci ba.

Mu biyu ne a gidan yanzu, ni da surukina Baba Idwal. Eirlys tana aiki a gidan kula da tsofaffi a cikin gari, kuma ba a son mutum ya riƙa shiga gona yana fita, saboda haka ta koma wurin yayarta har abin ya wuce. Ni ma an ce in ajiye motar kai abincin dabbobi, don motar da ke yawo gona-gona ita aka fi tsoro. Ba zan rubuta sunan abin ba, wanda rediyo ke faɗa ya ishe mu. Ciwon dabbobi ne, kuma garken da aka same shi a ciki ba a barin ko ɗaya da rai.

Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a bakin ƙofar gona na jiƙa ta da magani. Na dawo, sai na ji kamar ban zuba isasshe ba. Na koma na ƙara.

Laraba, 20 ga Yuni, da tsakar rana

Hayaƙi daga bayan tudun gabas, ana ƙona dabbobin da aka kashe. Iska ta juyo da shi wajenmu. Na kwashe shanya na sake wankewa.

Alhamis, 21 ga Yuni, da yamma

Darasi ta waya. Malama ta kusa tamanin, ita ta koyar da rabin mutanen kwarin nan har da Eirlys. Ta sa na jera aikatau ɗin, na tafi daidai har na zo kan "su" na tsaya.

"Desmond, yarona, su waye suka ɓata maka rai haka da ba ka son ambatonsu?"

Na ce ko za mu ɗan taɓa shuɗaɗɗen lokaci, ko na canza iska. Ta ce ba ta ga abin da zan yi da jiya ba alhali ban iya faɗin abin da ke gabana ba. Ta tambayi ko Idwal yana cin abinci. Tare suka yi firamare, ta ce tun lokacin in ransa ya ɓaci cikinsa yake hukuntawa. Sai ta tambayi ko ina gwada yaren da shi. Na ce ina gwadawa.

Ba na gwadawa. Baba yana yin Welshanci da karensa Pero, da maƙwabcinmu Tegid, da mai kawo wasiƙu, da hoton marigayiya matarsa, da Allah. Ni kaɗai yake yi wa Turanci, mai tsabta, mai ladabi, irin wanda ake yi wa likita. Sau ɗaya na gaishe shi da yarensa, ya amsa mini da nawa. Ban san ko raini ba ne ko tausayi. Wataƙila bakina ne ke yi masa ciwon kunne.

Asabar, 23 ga Yuni, bayan abincin rana

Baba ya kashe wa Eirlys waya a kunne. Daga baya ta kira ni tana huci, ta ce ba ta faɗi komai ba illa cewa in mafi munin abu ya faru, ai ana samun wasu tumakin. Na ce ai ta san ba haka ba ne. Ta ce ta sani, amma me ake ce wa tsoho?

Bari in rubuta shi, ko da yake na sani, don in ga girmansa a takarda. Babu shinge a kan dutsen da ke saman gonakinmu. Gidaje biyar ke kiwo a kai, kuma kowane garke ya san iyakarsa. Namu daga rafi ne zuwa bayan wani tsayayyen dutse da ake kira Craig Las. Ba wani mai rai da ya nuna musu. Uwa ce ke nuna wa 'yarta a daminar farko: nan ake kwana, nan ake fakewa in iska ta taso daga teku, nan ba a wucewa. Haka abin yake tun kafin kakan Baba. Tunkiyar kasuwa in ka sake ta a can, tafiya za ta yi ta yi har ta faɗa titi. Kafin sabon garke ya koya, sai mutum ya tare a dutsen shekara da shekaru yana juyo da su safe da yamma. Baba ƙugunsa ya lalace, ba shi da ɗa namiji, surukinsa direba ne.

Duk garken suna sama yanzu da 'ya'yansu, ba a ko yi musu aski ba bana. Na fi tunanin Gwaggo, tsohuwar tunkiyar nan mai ido ɗaya da Baba ya sa wa suna don wai tana kallon mutum kamar ƙanwar babansa. Ita ke jan 'yan tsirarun da ke zama can bayan Craig Las. Duk shekara su ne na ƙarshen saukowa, kuma duk shekara sai an zage ta.

Lahadi, 24 ga Yuni, da hantsi

Ba coci, amma Baba ya sa kwat ɗinsa ya zauna gaban rediyo har aka gama waƙoƙi.

Tegid ya zo ya tsaya bayan katangarsa, mu muna bayan tamu, hanya a tsakani. Haka ake gaisawa yanzu. Ingila yake ce mini, don ni mutumin can ne.

"Ingila, har yanzu kana nan kan ina-kana-yana? Ka ce wa tsohuwar ta koya maka yadda ake cewa na shiga uku. Shi za ka fi buƙata."

Na yi dariya don shi ma ya yi. Sai ya juya ga Baba ya sauke murya ya koma yarensu, dariyar ta ƙare. Na tsinci sunan Nesta, gwauruwar da gonarta ke wannan gefen kogi.

Talata, 26 ga Yuni, da safe

Ciwon ya haye kogi.

Laraba, 27 ga Yuni, da yamma

Tun safe ake jin ƙarar bindiga daga wajen gonar Nesta, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kafa ƙusa a nesa. Baba ya ƙara muryar rediyo. Na yi wa ƙofar rumfa fenti. Ba ta buƙatar fenti. Da la'asar manyan motoci suka wuce a rufe da tamfol, Pero ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa.

Dw i'n aros. Rwyt ti'n aros. Mae o'n aros. Na karanta sau da yawa yau, ba don darasi ba.

Jumma'a, 29 ga Yuni, da tsakar rana

Likitar dabbobi ta zo, yarinya ce ƙarama cikin farar riga mai haɗe da wando, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ba ta shigo ba, a bakin ciyawar magani ta tsaya. Ta ce ranar Talata za a sauko da duk tumakin dutsen, na gidaje biyar ɗin, a ɗebi jini. In an samu a wasu, to duka ne, don kiwonsu ɗaya.

Baba ya tambaye ta, da Turancin likitansa, ko za a iya ware wasu kaɗan daga kowane garke a killace su, ko don sanin dutsen. Ta gane abin da yake nufi, na gani a fuskarta. Ta ce ta riga ta tambaya a sama, an ce a'a. Ta ba shi haƙuri. Ya yi mata godiya, ya tambayi ko ta ci abinci, ya sa na miƙa mata burodin zabibi a leda ta kan ƙofa.

Da ta tafi ya daɗe yana kallon sama. Ranar sauko da garke kowane gida na ba da mutum ɗaya da kare ɗaya, al'ada ce. Shekaru uku ke nan Tegid ke turo ɗansa a madadinmu, bana ɗan yana can kudu an hana shi dawowa.

"Kai za ka hau, Desmond."

Na ce to, Baba. Me zan ce?

Asabar, 30 ga Yuni, da yamma

Pero ba ya jin Turanci, ni kuma ban iya fito da baki ba. Baba ya zauna kan katanga ya koya mini kalmomi huɗu: ta zagaye hagu, ta zagaye dama, ta dawo, ta tsaya. Ta tsayawa ita ce aros. Na ce wannan na san ta, ita muke yi da Malama. Ya ce to bari mu gani.

Na faɗa. Pero ya dube ni, ya dubi Baba, ya ci gaba da harkarsa. Na faɗa da ƙarfi, ya tafi ya yi fitsari a tayar mota. Baba ya ce ina furta ta kamar mai neman alfarma a banki, kare kuwa ba ya ba da alfarma. Ya faɗe ta sau ɗaya ƙasa-ƙasa, karen ya daskare da ƙafa ɗaya a sama.

Mun yi har rana ta yi sanyi. Pero ya bi hagu da dama in ya ga dama. Tsayawa bai tsaya mini ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 1 ga Yuli, bayan abincin rana

Tegid ya zo bakin katanga raba wurare. Da Turanci suka yi, don in ji. Ya ce a ba ni gefen rafi, wurin a shimfiɗe yake, ko jariri zai iya. Baba ya ce a'a, a ba ni bayan Craig Las. Tegid ya ce ai nan ne ya fi ko'ina wuya, ko shi sai ya yi da gaske, ga Gwaggo da taurin kai. Baba ya ce gefenmu ne, mutumin gidanmu zai yi shi. Suka kalli juna. Tegid ya ce to, in Ingila ya faɗo daga dutse shi ba zai ɗauko shi ba, bayansa na ciwo.

Muna cin romon dankali Baba ya ba ni labari, shi da ba ya ba ni labari. Wai a zamanin babansa hazo ya sauka ranar sauko da garke, aka bar wasu a lungun bayan Craig Las ba a sani ba. Suka yi hunturu guda a can su kaɗai, aka same su da bazara lafiya lau. Ya ce wurin yana ɓoye abu, daga ƙasa ba a gani, daga sama ma sai an san inda za a duba. Ya goge kwanonsa da burodi ya tashi.

Gargaɗi ne don in duba da kyau? Ko wani abu ne daban? Na juya maganar ta kowane gefe kamar aikatau, ban samu ba. Ni mutum ne da in ba a faɗa mini abu ƙarara ba ina iya yin kuskure ta kowace fuska.

Litinin, 2 ga Yuli, da yamma

Na wanke takalman roba, na shirya sanda da ruwa da rigar ruwa. Na sake dubawa. Rediyo ya ce gobe akwai hazo a kan tuddai.

Talata, 3 ga Yuli, bayan faɗuwar rana

An sauko da su.

Mun hau tun da asuba, kowa da karensa, muka bazu a kan dutsen muna kiran juna cikin hazo. Ba na ganin kowa, sai muryar Tegid can dama yana zagin karensa da kakannin karen. Tumaki suka fara gangarowa layi-layi, kowane garke ta hanyarsa, 'ya'ya na kuka a baya. Gashinsu ya yi nauyi, wasu na jan shi a ƙasa.

Na zagaya bayan Craig Las kamar yadda aka ce. Akwai lungun, gaskiya ne. Ciyawa gajera, ruwa na tsattsafowa daga jikin dutse, ba iska. Pero ya ga abin da ya gani. Ya sauke kai, ya fara zagaye ta hagu ba tare da na ce masa komai ba, don ya fi ni sanin aikin.

Na faɗi kalma ɗaya. Ban ɗaga murya ba.

Ya tsaya.

Mun daɗe a haka, ni da shi, da idon Gwaggo ɗaya yana kallonmu. Sai na kira shi muka juya, muka bar su a can.

A ƙasa an cika shingayen. Baba ya jingina da ƙofar da namu ke shiga, yana duban fuskar kowace. Ba ya ƙirga, fuska yake sani. Da ta ƙarshe ta shige ya ci gaba da kallon hanyar, sannan ya rufe ƙofar. Bai dube ni ba. Wani ma'aikaci ya tambaye shi ko sun cika. Ya ce dutse na cin rabonsa duk shekara, ga dila, ga gangare, ba a taɓa saukowa da adadin da aka hau da shi ba. Kowa a wurin ya san haka ne.

Tegid ya wuce ta bayana yana share gumi. Ya ce Ingila, ka daɗe a can. Na ce hazo ne. Ya ce ƙwarai, hazo.



Alhamis, 5 ga Yuli, da safe

An ɗebi jini jiya. Yanzu jira. Duk sun juya fuska wajen dutsen suna kuka, garke biyar a wuri ɗaya amma kowane yana kallon nasa gefen. Ina kai musu ruwa da ciyawa. Ina duba bakin duk wadda ta tsaya kusa da ni. Ban ga komai ba. Amma me na sani?

Jumma'a, 6 ga Yuli, da yamma

Malama ta ce mun makara, ya kamata mu shiga sabon aikatau, na tafiya. Na roƙe ta mu ƙara mako a kan wannan. Ta ce in jera ta ji. Na jera har ƙarshe ban tsaya ba. Ta ce ashe na shirya da su.

Eirlys ta kira. Ta ce muryata wani iri. Na ce gajiya ce. Ta ce Des, Baba fa? Na ce yana cin rabin abin da na zuba masa. Ban taɓa ɓoye mata abu ba, ban san yadda ake yi ba, sai na yi ta maganar injin wanki.

Litinin, 9 ga Yuli, da tsakar rana

An samu ciwon a jinin. Ba su faɗi a garken wa ba. Laraba za a kashe su.

Laraba, 11 ga Yuli

Baba ya sa kwat ɗinsa na coci ya tsaya a ƙofar shinge daga farko har ƙarshe. An ce masa ba dole ba ne. Ya ce ya sani.

Ni na kulle Pero a ɗaki na dafa wa ma'aikatan shayi. Na wanke kofuna. Na sake dafawa. Likitar nan ba ta sha nata ba.

Alhamis, 12 ga Yuli, da safe

Shiru. Ban taɓa sanin cewa duk shekarun nan kukan tumaki nake ji ba sai yau.

An samu a wasu. Kiwonsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Wannan nake ta juyawa tun da na farka. In yana jikin waɗanda suka sauko, me ya hana shi zama a ko'ina?

Dan ni'n aros.

Asabar, 14 ga Yuli, da la'asar

Tegid ya kira ni bakin katanga, ni kaɗai. Ya rame cikin kwana uku. Ya ce jiya ya ɗauki madubin hangen nesa yana kallon dutsen, tunda ba shi da sauran abin kallo, sai ya ga wasu fararen duwatsu a gefen Craig Las waɗanda bai san da su ba. Ya ce tsufa ne, har ya ga kamar suna motsi.

Na ce wataƙila hasken rana ne.

"Wataƙila. Ni duk nawa na sauko da su, Ingila. Har da wadda jikata ta shayar da kwalba. In duwatsun nan lafiyarsu ƙalau, baɗi su za su riƙe wa sababbin tumakina iyaka, in gode maka. In kuwa abin yana jikinsu, ka kashe ni sau biyu, ni da Nesta da kowa. Ka san wanne ne?"

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma. Ya ce an faɗa masa ranar Jumma'a jirgi mai saukar ungulu zai zagaya dutsen neman waɗanda suka ɓace. Bai yi mini ba'a ko ɗaya ba, ya tafi.

Lahadi, 15 ga Yuli, da yamma

Na ɗauki madubin Baba na hau filin sama. Sun fito kiwo gefen dutsen. Gwaggo ce a gaba, na gane ta da yadda take karkata kai. Iyaye da 'ya'yansu na biye da ita, a layi, ba wadda ta wuce inda aka saba.

Ta ƙarshe tana ɗingishi.

Na sauke madubin na goge shi na sake dubawa. Tana ɗingishi. Da haka yake farawa, kowa ya sani.

Litinin, 16 ga Yuli, da safe

Ban yi barci ba. Muna shan shayi na ce, Baba, akwai wani dutse a bayan Craig Las da ke ɗingishi.

Ya ajiye kofinsa. Bai tambaye ni komai ba, tun ranar Talatar nan bai tambaye ni komai ba. Ya tashi ya buɗe kabad ya ɗauko bindigarsa ya ajiye a tebur. Ya kawo harsasai, ba ɗaya ba, ba biyu ba, isassu. Ya nuna mini a kan hannunsa inda ake dubawa: cikin leɓe, kan dasashi, tsakanin kofato. Ya ce in na ga ƙuraje kada in tsaya tunani, kada in bar ko ɗaya, har da ƙananan, har da Gwaggo. Sannan in sauko shi zai kira hukuma da kansa ya ce shi ya sa ni na bar su a can.

Na ce ba ku kuka sa ni ba, Baba. Ya ce wannan ba ni zan yanke ba.

Na dafa kayan da zan sa, na jiƙa takalma da ƙafafun Pero a magani, don kada ni in kai musu abin da ba su da shi. Na yi sau biyu.

Talata, 17 ga Yuli, da yamma

Na hau. Dutsen ba kowa, sai hanyoyin tumaki sirara a cikin ciyawa, duk babu mai bi. Bindigar ta yi mini nauyi.

Suna lungun. Pero ya tare su a jikin dutse, yau duk abin da na ce yana yi. Gwaggo ta buga ƙafa ta tsare ni da idonta. Na kama mai ɗingishin da ƙyar, na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina kamar yadda na ga ana yi. Na buɗe bakinta. Dasashi ja mai tsabta, ba ƙurji. Na ɗaga ƙafar. Wani siririn ɓallin dutse ne ya shige tsakanin kofaton, wurin ya kumbura. Na zare shi da wuƙa na wanke.

Ban yarda da idona ba. Na sake buɗe bakin. Na kama sauran ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, har Gwaggo, ta kuwa make ni a haɓa. Ban ga komai ba. Na san yana iya ɓuya kwanaki kafin ya fito, na san ni direba ne ba likita ba. Abin da na gani kawai zan iya faɗa. Na sake su, ba su gudu ba, suka matsa kaɗan suka ci gaba da kiwo, wata 'yar ƙarama tana bin uwarta taku da taku.

Na hango Baba tun daga nesa, a ƙofar filin sama. Ban san yadda ya hau can da wannan ƙugun ba. Ya karɓi bindigar ya buɗe ta ya duba, ya shinshina bakinta. Na zuba masa harsasan a hannu, na ɗora ɓallin dutsen a kai. Ya daɗe yana kallonsa.

Sai ya ɗago ya tambaye ni inda suke. Sai da na buɗe baki zan amsa na lura ba da Turanci ya yi tambayar ba.

"Maen nhw'n aros," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗata don gangaren, muka kama hanya a hankali, ya ci gaba da magana da yarensa, doguwa, yana nuna dutsen da sandarsa, yana nuna rafi, yana ambaton Tegid da Jumma'a. Cikin kalma goma ban kama biyu ba. Bai fassara ba, ni kuma ban ce ya fassara ba.

Laraba, 18 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Sama garau, ba ko ɗigon hazo. Rediyo ya ce haka za ta kasance har ƙarshen mako.

Baba ya riga ni tashi, ya dafa shayi kofi biyu. Na ɗauko littafi zan yi karatuna na safe, ya sa hannu ya rufe shi, ya ce in fara. Na jera yana saurare, fuskarsa na wajen taga. Da na zo na ƙarshen, tare muka faɗa.